Tsohon Injin da Malam Tanimu Ya Ƙi Saki

Wata rana wani matashi mai suna Nafi'u ya zo ganin gida daga Kaduna, ɗauke da ƙaton kwali a kafaɗa.

Sabon injin yankan icce ne ya sayo wa mahaifinsa.

Malam Tanimu, mahaifin nasa, sana'arsa ke nan tun Nafi'u bai yi wayo ba. A wani fili da ke bayan unguwarsu ake jibge busassun itatuwa, shi da abokan sana'arsa su yayyanka, masu gidan burodi da masu tsire su zo su kwasa.

Injin da yake aiki da shi kuwa, kai, abin tausayi.

Fentinsa ya koɗe. Mariƙinsa da roba aka ɗaure. Sai an ja igiya an ja, gumi ya keto, sannan ya yarda ya tashi.

Tsohon ya karɓi sabon da hannu biyu, ya yi ta sa wa ɗansa albarka. Nafi'u ya koma bakin aikinsa zuciya fes.

Da ya sake zuwa, sai ya tarar da abu biyu.

Kwalin yana nan a lungun ɗaki, ko buɗe shi ba a yi ba.

Hannun Baba kuma naɗe da bandeji. Sarƙar tsohon injin ce ta tsinke ta zabge shi.

Nafi'u ya rasa gane kan lamarin. Me ke cikin wannan tsohon ƙarfen?

Ya tambayi baffansa ko gado ne. Baffa ya ce ina, na hannu ne ma ya saya a kasuwa.

Ya je wurin bakaniken da ke gyara shi, ko dai ya fi sabon ƙarfi ne? Bakanike ya yi dariya, ya ce shi kansa ya gaji da ganinsa.

Ya tambayi Baban da kansa. Amsar ba ta wuce, "Na saba da shi," ba.

Abin ya fara yi masa ciwo. Ko kyautarsa aka raina? A ransa ya yanke shawara: duk ranar da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ratso layin, zai miƙa masa injin, kowa ya huta. Gara Baba ya yi fushi da a wayi gari babu hannu.

Washegari da hantsi, Baba ya saɓi tsohon injinsa ya fita, da bandejinsa da komai.

Nafi'u ya zauna a tsakar gida kusa da mahaifiyarsa, Inna Baraka, wadda ciwon suga ya tafi da ganinta shekarun baya. Tana ɓarar gyaɗa da laluben hannu. Daga bayan unguwa injina sun kaure da ƙara, ba ka bambance wannan da wancan.

Can sai ta tsaya cak. Ta karkata kai. Ta yi murmushi.

"Ga babanka nan ya fara."

Nafi'u ya kasa kunne. Shi dai hayaniya kawai yake ji.

"Inna, a cikin duk injinan nan, ta yaya kika gane nasa?"

"Nasa yana tari kafin ya miƙe, kamar tsoho mai mura. Tun da idona ya tafi, ɗan nan, da shi nake ganinsa. Muddin ina jin sa, na san yana tsaye da ƙafafunsa."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Ranar da ya ji ciwo ma, ai ni na ta da maƙwabta. Kukan injin ya yanke a tsakiya, ba irin yadda ya saba kashe shi ba. Suka same shi zaune cikin jini, sauran kuwa kowa na kan aikinsa, ba wanda ya lura."



Wannan ne abin da Nafi'u ya so ya miƙa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa ya auna a sikeli.

Da yamma Baba ya dawo. Nafi'u ya durƙusa gabansa, ya ce, "Baba, saboda Inna ne, ko?"

Tsohon ya amsa masa.

"Sabon naka yana da kyau. Amma muryarsa irin ta kowa ce. In na ɗauke shi, wa zai gaya mata ina nan?"

Ashe Inna tana jin su daga bakin ƙofa. Kuma ashe ba ta taɓa sanin akwai wani sabon inji a gidan ba.

"Malam! Wato saboda ni kake kasada da hannunka? Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. A fito da shi in ji."

Aka buɗe kwali. Aka zuba mai. Ja ɗaya, inji ya tashi a tsakar gida, kaji suka watse.

Inna ta saurara, ta saurara. Ta sa aka kashe, aka sake tayarwa.

Sannan ta gyaɗa kai.

"Muryar yaro gare shi, yana da ɗan zaƙi a ƙarshe. Zan gane shi. Gobe da shi za ka fita."

Baba ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai hayaƙi ne.

Tsohon injin kuwa ba a sayar ba. Nafi'u da kansa ya wanke shi, ya kafa ƙusa a zaure, ya rataye shi.

Darasi:

In ka ga babba ya riƙe wani tsohon abu ya ƙi saki, kada ka yi saurin cewa taurin kai ne. Zauna ka tambaya. In bai faɗa ba, tambayi wanda ke kusa da shi.

Kuma masu ƙaunar juna, ku riƙa magana. Wata sadaukarwar da kake yi a ɓoye, da wanda kake yi dominsa ya sani, shi zai fara hana ka.

Wane tsohon abu ne iyayenka suka ƙi rabuwa da shi? Ka taɓa tambayar dalili? Faɗa mana a ƙasa, sannan ka tura wa ɗan'uwanka da ke shirin yi wa ɗakin Baba shara.