Ranar da Na Tona Asirin Kakana

Har yau in na ji ƙarar bugun kayan rini daga nesa, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara. Kakana marini ne a Waca, tun Nasara ba su shigo Damagaram ba, ni kuwa a bakin karofinsa na girma. Amaryarsa yake kirana. In ya tsoma zane a baba yana juyawa, sai ya yi ta gaya mini ko na wane ne, amma ba da sunan yanka ba. Kowa da laƙabin da ya raɗa masa a ɓoye.

Ya rasu bayan girbi, ya tsufa tukuf, har tattaɓa-kunne ya gani. Da aka yi sadakar uku, babana ya shiga zagayen sanarwa: mai gari, sarkin kasuwa, da Bafillacen da ke kiwon shanun kakana wajen Yekuwa. Komai ya tafi daidai, sai da aka buɗe ɗakin tsoho. Tufafin mutane ne jibge, riguna da zannuwa da rawuna, duk sun sha shuni sun koma iri ɗaya. Liman ya ce ba za a taɓa gado ba sai kowace amana ta koma hannun mai ita. Kakata tana takaba, ta ƙi cin abinci. Cewa take, yaya za ta ci tuwo alhali Malam na kwance da kayan mutane a wuyansa?

Ina 'yar shekara tara, na ce ai ni na san masu su.

Aka ɗora kayan a jaki, muka nufi zauren sarkin marina, inda aka tara duk mai jiran rininsa. Rigar farko ma mutum biyu suka miƙo hannu, kowa na rantsuwa. Sarkin marina ya dube ni.

"'Yar nan, ta wa ce?"

Na ce, "Ta Ciki-ya-riga-ƙafa ce."

Kowa ya juya ya dubi mai tumbin cikinsu, shi ma ya dubi tumbinsa, sai ya fashe da dariya, jama'a suka ɗauka. Daga nan ina ɗagawa ina kira, mai laƙabi na amsawa tun ban rufe baki ba. Rantsuwa-kafin-sallama ya karɓi rawaninsa yana rantsuwa cewa tsoho ya yi masa ƙage. Babana sai zungurina yake, ban fasa ba.

Can sarkin marina ya ce, "Ni fa, me yake ce mini?"

"Gobe-ka-dawo."

Ya yi dariya har ya jingina da bango, sannan ya ja gefen rawani ya share ido. Ya ce tun suna yara yake tsokanar kakana, tsoho bai taɓa ramawa ba. Aka shafa fatiha.

Zane ɗaya ya rage, baƙi wuluk yana sheƙi, wanda ni ma ban sani ba. Mai yi wa kakana bugu ne ya warware mana. Ya ce sau uku tsoho na mayar masa da shi, wai bai yi ƙyallin da zai dace da uwargidansa ranar Salla ba. Da muka kai gida, kakata ta karɓa ta daɗe tana shafawa, ta sa a adudu ta ce sai ta fita takaba za ta ɗaura. Ran nan ta cinye tuwonta, har ta nemi ƙari.

Bara da maigidana ya rasu, ɗana ne ya tafi biro, wato ofishin hukuma, a Magariya, kafin azahar ya dawo da takardar rasuwa mai hatimi. Sauƙi ne, ban raina ba. Na tambaye shi me suka ce game da babansa. Ya ce sun tambayi yadda ake rubuta sunan.