Tallan da Ya Ƙi Rufuwa a Shagon Baba Tafireta

Shekara talatin da huɗu Baba Tafireta ya yi yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, daura da tashar mota. Takardar neman aiki, ta barin aiki, ta koke, duk sun bi ta yatsunsa. Sunan ya samo shi ne tun yana aiki da tafireta, kuma ko da ya koma kwamfuta sunan bai sake shi ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne: ba a taɓa dawo masa da takarda an ce da kuskure ba.

Kwamfutar irin ta kan tebur ce, mai ƙugi kamar tsohon firiji. Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta koya masa shiga intanet don ya riƙa cike wa mutane fom. Daga nan fitina ta fara. Yana cikin aiki sai talla ya faɗo tsakiyar allo: wai ya ci kyautar waya, wai kwamfutarsa ta kamu da cuta. Ya rufe ɗaya, uku su fito. Ranar da hoton wasu mata marasa kunya ya bayyana a gaban wata malamar makaranta, Baba ya rasa inda zai sa kansa, ya cire hula ya rufe allon, gumi na keto masa.

Da yamma ya kira Auta a waya.

"Zo ki raba ni da baƙin nan. Ba sallama, ba ta-ido."

Ta zo tana dariya, ta ja kujera. "Baba, ai kai ka buɗe musu ƙofa. Duk shafin da ya tambaye ka, sai ka danna ka yarda."

"To, a roƙe ka da ladabi ka ce a'a?"

Ta shiga saitin burauza, wato manhajar shiga intanet, ta soke izinin duk shafukan da ke turo sanarwa, ta cire wasu ƙananan manhajoji da suka maƙale ba da saninsa ba, ta toshe hanyar tallan. Allo ya yi fes. Baba ya yi ta sa mata albarka.

Bayan sati uku ya sake kiranta.

"Ɗaya ya dawo. Wannan ba rubutu, ba hoto. Duhu-duhu ne, ya zauna daram a tsakiya, kuma na rasa wurin rufe shi."

Da ta zo ta duba, ba ta ga komai ba.

"Ina yake, Baba?"

Ya ɗora yatsa a kan farin allo. "Ga shi nan."

Ta zaro farar takarda daga firinta ta riƙe a gabansa. "A nan fa?"

Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Yana nan," ya ce, muryarsa can ƙasa.

A asibiti likita ya ce tsakiyar ganinsa ce ke lalacewa, a ido biyun. Za a yi ƙoƙarin rage saurin abin, amma wanda ya tafi ya tafi.

Baba bai bar shago nan da nan ba. Yatsunsa sun san gidan kowane harafi, sai ya ci gaba da bugawa, yana karkata kai yana leƙen allon ta gefen ido. Duba abin da ya buga ne ya gagara. Wata uku ana haka, ran nan wani direba, tsohon abokin cinikinsa, ya dawo da takarda. An ƙi karɓa a ofis, don an buga sunansa ba daidai ba, har wuri biyu. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Baba, ko dai gajiya ce?"

Da zaginsa direban ya yi, da ya fi wa Baba sauƙi. A satin Baba ya mayar wa mai benen da makulli. Yanzu shagon wurin sayar da cajar waya ne.

Matarsa ta ce har yau ƙarfe bakwai yake gama shiri. Ya sa takalmi, ya soke biro a aljihun gaba, ya taka har bakin ƙofa, sannan ya tsaya. Sai ya jawo kujera ya zauna nan, yana sauraren masu wucewa zuwa aiki. Ita kuwa takan ƙara sautin rediyo ta shige kicin, don kada ya ji tana jan hanci.