Gonar Baffa Na-Gefe

Ƙanen mahaifina ne. Mu Baffa muke ce masa, mutanen gari kuwa Na-Gefe, saboda gonarsa ce ta ƙarshe. Daga ita sai wata tsohuwar waya mai ƙaya da ta daɗe da tsinkewa, sai dajin da hukuma ta hana farauta a cikinsa. Da aka zo rabon gonakin kakanmu, yayyensa suka ɗauki na kusa da gida, shi ya ce a bar masa waccan, ƙasarta baƙa ce, masara za ta so ta. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ba shi kaɗai ya san daɗin masarar ba, gwaggon biri ma sun sani.

Garke guda ne babba, da hantsi suke fitowa. Daga ranar da masara ta fara goyo har a karye ta, Baffa ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa hira. Ya kafa rumfa mai dogayen ƙafafu a tsakiyar gona, ya ja igiya ya rataya gwangwanaye, ga majajjawa a wuya, ga karensa a ƙasa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita take kai masa abinci da rana, ta zauna a inuwa tana gyara masa igiyar da ta tsinke.

Duk da haka ban taɓa jin ya zage su ba. Ya san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ƙato mai yagaggen kunne da yake zama a kan dutse yana kallonsa ido cikin ido, kamar mai jiran ya yi gyangyaɗi. Idan Baffa ya dawo da yamma ya tarar da yayarsa, Gwaggonmu, a tsakar gida, sai ya ce, "Yaya, 'yan'uwanki sun zo yau, suna gaishe ki."

Ita kuma ta ce, "Ai kai suka ga kama, shi ya sa ba sa barinka."

A shekarar da ruwa ya yi kyau, ƙafafun Inna suka fara kumbura. Ta ɓoye, tana ɗingisawa zuwa gona, har wata safiya ta kasa tashi daga tabarma. Baffa ya tsaya a ƙofar ɗaki da majajjawa a hannu.

Ta ce, "Malam, tafi gona. Zuwa anjima zai sauka."

Ya ce, "Masara ba ta fi ki ba."

Ya ɗaure kare a gindin rumfa, ya roƙi maƙwabcin gonarsa ya riƙa leƙawa, ya ɗauke ta zuwa asibitin birni. Aka ba ta gado. Maƙwabcin ya leƙa ranar farko, washegari nasa birai suka sha masa kai.

Da Baffa ya dawo ɗaukar kaya, ya biya ta gona. Biran ba su ci rabin abin da suka ɓata ba. Sun karya, sun gatsa, sun yar. Karen yana nan a ɗaure, sun yayyaga shi, igiyar ta hana shi gudu. Baffa ya kwance igiyar daga wuyansa kafin ya binne shi.

Ya je ofishin masu kula da daji. Jami'in da ya tarar saurayi ne mai ladabi, ya ba shi kujera da ruwa.

"Baba, wallahi na tausaya maka. Amma diyya ba ta hannunmu, kuma doka ta hana a taɓa su."

"To yallaɓai, ni wace doka ce ta hana a taɓa ni?"

Saurayin ya sunkuyar da kai.

A hanyar gida ya tsaya wajen mai sayar da maganin feshi. Ya yanka kabewa, ya zuba maganin a ciki, ya jera a bakin waya. Mai yagaggen kunne yake nufi, amma shi ko sunsunawa bai yi ba. Matan biran da ƙananansu ne suka ci. Da Baffa ya zo da hantsi ya same su a warwatse cikin kunya-kunyar gona, wata ta mutu ɗanta yana manne a ƙirjinta, yana ta neman nono. Ya cire rigarsa ya naɗe shi, ya kawo gida.

Gwaggo ta ce, "Auta, me ka ɗauko mana haka?"

Ya ce, "Yaya, ko akwai madara?"

Da cokali ya riƙa ɗiga masa. Bai rayu ba.

Ungulaye ne suka tona asirin, don su ma sun ci sun zube. Da jami'ai suka zo, Baffa bai yi musu ba, shi ya nuna musu ramin da ya binne sauran. Alƙali ya ɗaure shi 'yan watanni. Yana ciki Inna ta rasu. Mahaifina ne ya je ya faɗa masa ta bayan ƙarfe. Ya ce Baffa bai yi kuka ba, ya dai tambaya ko wani yana kusa da ita a lokacin. Aka ce 'yarsu tana riƙe da hannunta. Ya ce, "To, madalla," ya juya ya koma ciki tun lokacin ganawa bai ƙare ba.

Da ya fito bai sake riƙe fartanya ba. 'Yarsa ta ɗauke shi zuwa birni, inda mijinta yake da shagon kayan gini. Nan yake wuni a kan benci, yana ware ƙusa manya da ƙanana a cikin gwangwani, ko da ba a sa shi ba. Ƙarar babura tana hana shi jin magana, sai an maimaita.

Na taɓa kai masa saƙon wani baƙo da yake son sayen gonar da daraja. Ya daɗe yana juya ƙusa a tafin hannunsa.

"Ya san abin da ke wajen?"

Na ce, "Bai tambaya ba, Baffa."

"To ka faɗa masa. In ya ji ya ce yana so, ya noma kyauta."

Na faɗa wa mutumin, bai sake dawowa ba. Baffa ya rasu bara a ɗakin bayan shagon, bayan gajeriyar rashin lafiya. 'Yarsa ta ce a kwanakinsa na ƙarshe ya riƙa roƙonta ta buɗe taga, wai ɗakin ba ya ganin nesa.