Zanen Gawayi a Bangon Ɗakin Inna

Wata rana, a wata unguwa a Zariya, wani mai wankin hula mai suna Nafi'u ya buɗe wani bidiyo da aka turo masa a waya.

Minti tara ne kacal. Amma daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba.

Mai magana a bidiyon muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar yana tsoron bango ya ji. Ya ce wai akwai ƙungiyar asiri ta magina. Wai su ne suka yi wa Fir'auna dala, su ne suka yi wa Annabi Sulaimanu gini, daga baya suka shige cikin wasu mayaƙa masu gicciye a ƙirji, suka gina manyan coci-coci a Turai. Wai har yau suna nan, kuma da alama ɗaya suke gane juna.

Zane mai kusurwa uku, da ido a tsakiya.

Nafi'u ya kalla ya sake kalla. Da ya ƙare, wani ya fito. Shi ma da ya ƙare, wani ya fito.

Hannu a cikin kumfa, kunne a waya. Hular wani malami ta kwana biyu a ruwa ya manta da ita. Data ta ƙare ya saya, ta sake ƙarewa ya sake saya. Kwalin madara ma sai ya juya shi ya duba bayansa kafin ya buɗe.

Mahaifiyarsa, Inna Delu, ta ce masa, "Kai dai wayar nan za ta ci ka ɗanye."

Bai ji ba. Iyafis na kunne.

To a lokacin ana gina wa Inna sabon ɗaki a tsakar gida. Magininsu Baba Istifanus ne, dattijo Kirista, wanda rabin gidajen unguwar aikin hannunsa ne. Shi ya gina ɗakin da aka haifi Nafi'u a ciki.

Ranar Asabar da yamma, bayan an tashi daga aiki, Nafi'u ya leƙa ya ga inda ginin ya kai.

Ya ja ya tsaya.

A jikin bulo, daidai ƙirjinsa, ga zane da gawayi. Kusurwa uku, kai a ƙasa. Ga ƙusa an kafa a tsakiya.

Ya juya ga ɗaya bangon. Ga shi nan.

Bango huɗu, zane huɗu.

Ya ce a ransa, juya shi suka yi don kada a gane. Ƙusar nan ita ce idon.

Washegari Lahadi, Baba Istifanus yana coci, Nafi'u ko shago bai buɗe ba. Ya bi unguwa lungu-lungu, duk ginin da ba a yi wa filasta ba sai ya tsaya ya duba. Gidan mai nama, akwai. Shagon tela, akwai. Katangar makarantar Islamiyya, wadda dattijon ya ɗaga bara, akwai har guda uku.

Ya zauna, ya tashi, ya sake zama.

Sai ya ɗauki hotunan zanen, ya haɗa da wani hoton Baba da aka ɗauka ranar wani suna, yana dariya da kwanon tuwo a hannu. Ya tura guruf ɗin unguwa, ya rubuta a ƙasa:

"Jama'a ku duba bangonku. Ni dai ban ce komai ba."

Kafin la'asar, saƙo ya fi ɗari. Wani ya ce dama shi tuntuni yake zargi. Wata ta ce tun da aka yi musu gini kajinta suke mutuwa. Wani ya ce a jira shi gobe.

Baba Istifanus kuwa ƙaramar waya gare shi, mai tocila. Bai san komai ba.

Litinin da safe ya shigo unguwa da buhun kayan aikinsa a kafaɗa. Ya gaida mai shayi, mai shayi ya kau da kai. Ya gaida mai nama, ya amsa can cikin maƙogwaro. Leburansa ma bai zo ba.

Ya yi sallama gidan Inna, ya warware wani dogon tiyo fari, irin wanda ake ganin cikinsa, ya cika shi da ruwa. Ya waiga bai ga mai taya shi ba, sai Nafi'u a bakin ƙofa yana ta muzurai.

"Yawwa ɗana, zo ka riƙe min bakin nan. Jingina shi da bango can, kada ka toshe."

Nafi'u ya riƙe. Ruwan da ke cikin tiyon ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi sama, sannan ya tsaya cak.

Daidai kan tsinin zanen.

"Baba, wannan alamar ta mece ce?"

"Ta ruwa ce mana. Inda ya tsaya a wurinka, nan ya tsaya a wurina. Sai in zana in kafa ƙusa, in ja zare. In ba haka ba tagar Inna ta fito a karkace, Inna ta bi ni da muciya."

"Wa ya koya muku?"

"Marigayi Alhaji Ɗanladi birkila. Da rankwashi ya koya min, har yau wurin na nan." Ya shafa ƙeyarsa yana dariya. "Lafiya dai?"

Nafi'u ya saki tiyo, ruwa ya zube a ƙasa. Ya ciro waya ya miƙa masa.

Dattijon ya goge hannunsa a wando, ya nisanta wayar da idonsa, ya daɗe yana kallon hoton kansa da kwanon tuwo.

"Nafi'u, sau nawa kake wuce ni a rana?"

"Baba ku yafe min. Yanzun nan zan goge."

"Goge, ɗana. Amma a taka wayar kaɗai zai gogu."

Ya sunkuya ya ɗauki tiyonsa, ya sake cika shi da ruwa.

Suna cikin haka hayaniya ta taso a ƙofar gida. Maza ne kamar bakwai, ɗaya da gora. Inna Delu ta ja hijabinta ta fita ta tsaya a bakin zaure, ba ta ɗaga murya ba. Ta kira kowannensu da sunansa da sunan uwarsa, ta tambaye shi wa ya gina ɗakin da yake kwana. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

A ranar Nafi'u ya goge saƙon. Ya yi sabon bidiyo, shi da tiyo da ruwa, yana bayani yana rantsuwa, yana ba da haƙuri. Ya bi gida-gida da ƙafarsa.

Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wasu suka ce ai 'yan ƙungiyar sun kama shi ne shi ma, shi ya sa ya janye.

Gida uku da suka yi wa Baba alkawarin aiki suka ba wani. Ya ƙarasa ɗakin Inna har kwano, taga da ƙofa a miƙe sambal. Bayan nan sai ya koma neman aiki can wajen gari, inda ba a san fuskarsa ba. Mutum mai shekara sittin da wani abu, yana hawa mota biyu kafin ya taɓa bulo.

Bayan wata biyu, wayar Nafi'u ta yi ƙara yana tsaka da wanki. Ɗan kawunsa ne daga Gombe ya turo masa saƙo.

Hotunan da ya tura ne da hannunsa. Bangon ɗakin Inna, katangar Islamiyya, da Baba yana dariya. An zagaye fuskarsa da jan layi, an sa kiɗa mai ban tsoro.

A ƙasa ɗan kawun ya rubuta: "Yaya ka ga wannan? An ce a garinku yake. Ku yi hattara."

Darasi:

'Ya'yana, ba duk mai magana ƙasa-ƙasa a waya ne ya san abin da yake faɗa ba. Ni ban san abin da aka yi a zamanin Fir'auna ba, amma na san maƙwabcina, kuma ƙofarsa ba ta da nisa. In ka ga abin da ba ka gane ba, taka ka je ka tambayi mai shi. Addininmu ya hore mu da bincike kafin yaɗa labari, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya tambayar inda yake ibada. Sunan mutum da shi yake ciyar da iyalinsa. Ranar da za a tsaya gaban Allah, yatsan da ya danna shi ma zai yi magana.

Wannan kam ku tura shi, musamman guruf ɗin da kuka san an fi saurin dannawa. Allah ya tsare mana hannayenmu.