Yadda Na Kashe Tsohuwar Balki

A gidanmu na Gwandu, lokacin tatsuniya shi ne tsakanin sauke tuwo da kiran isha'i. Inno, kakarmu ta wajen uba, ba ta yarda a kashe wutar murhu da an gama girki. Sai ta ja 'yar kujerarta kusa da garwashin, ta jera masara a kai, mu kuma mu baje tabarma a gabanta. Ba irin kakannin nan ba ce masu lallashi. Idan ta ga dama yaro ya mutu a tatsuniyarta, mutuwa zai yi, ko da za mu cika gidan da kuka. Dokarta ɗaya ce tak: wanda ya yi gyangyaɗi ko ya katse mata magana ya tashi daga tabarma, kuma ba zai dawo ba sai labarin ya ƙare, ko da zai kai kwana uku. Duk da haka muna son ta kamar me. Ni take kira maigidanta, ni kuma kullum sai na ce ta tsufa, na sake ta.

A hutun damina na shekarar da nake aji biyar, Baffa Nasiru, autan Inno, ya dawo daga jami'a a Kalgo da kwamfuta a jaka. A cikinta akwai wani gem na yaƙi. An yanka fili gida-gida, ga gulbi, ga daji, ga duwatsu. Kana da mutanenka, kowa da aikinsa, kuma bi da bi ake yi: ku matsa naku ɗaya bayan ɗaya, sannan ku naɗe hannu ku ga abin da abokan gaba za su yi muku. Wanda ya daɗe yana yaƙi sai ya ƙara ƙarfi, har kayan jikinsa su sake. Da rana Baffa yake kai ta caji bakin kasuwa, batirin kuwa ba ya wuce yaƙi ɗaya.

Duk muka koma gaban kwamfutar. Kwana uku Inno tana zaune ita kaɗai da masararta. A na huɗu ta taso, ta leƙa ta saman kawunanmu, ta daɗe tana kallo.

"Wagga ai dara ta," in ji ta. "Sai dai 'ya'yan na da jini. Nasiru, ɗauko abinka ka kawo bakin wuta."

Shi ke nan ta ƙwace mana gem. Baffa ya fara fassara mata Turancin da ke fitowa, ta ce labarin Turawan ba gishiri, ya yi mata shiru. Ita ta raɗa wa garuruwan suna. Ƙwarangwal ɗin da muke yaƙa ta ce matattu ne da ƙasa ta ƙi karɓa saboda mugun hali. Ta raba mana mutanen, kowa da nasa, kowa ya matsa shi da hannunsa in layi ya zo kansa. Ta kuma ɗauko tsohuwar dokarta ta ɗora a kai: wanda mutuminsa ya mutu ya bar tabarma, sai ranar da aka ci yaƙin gaba ɗaya.

Yayana Atiku ya ɗauki maharbi. Ni na ɗauki wani ƙato mai sulke da takobi, don a ganina shi ya fi kama da ni, alhali a lokacin iska mai ƙarfi tana iya kayar da ni. Aka bar wata tsohuwa mai sanda, ba takobi ba baka, tafiyarta ma gida uku ce kawai. Ita aka ba Balki.

Balki 'yar goggonmu ce daga Masama. An kawo ta gidanmu ne saboda an kwantar da mahaifiyarta a asibiti a Birnin Kebbi. Ba ta da surutu, tana cin tuwo kamar mai tsoron kada ya ji zafi, mu kuwa 'yar ƙauye muke ce mata a gabanta. Duk yini tana bin bango. Wuri ɗaya na taɓa ganin haƙoranta a gidan nan, shi ne a kan wannan tabarma.

Ashe tsohuwar mai magani ce. Duk wanda ta tsaya kusa da shi, raunukansa sai su warke. Balki kuma ta iya ta. Kafin layi ya zo kanta ta riga ta san wa zai fi shan duka, ta san inda za ta tsaya. Cikin mako biyu tsummokaran tsohuwar suka koma farar riga, sandarta ta fara haske. Inno, wadda yabo ke yi mata wuyar fita, sai ga ta tana cewa, "Ku dubi ɗiyar ga. Ita ɗai ad da kai cikinku." Ta ma fara ajiye mata masarar da ta fi laushi, wadda a da tawa ce. Ba zan ɓoye ba, na tsani yarinyar nan, tsana irin ta yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, wadda ba ta da birki.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da la'asar, ƙasa na ƙamshi. A gem ɗin mun isa wata siririyar gada. Ƙatona na tsaye a bakinta ya toshe hanya, ƙwarangwal uku a gabansa, tsohuwar Balki a bayansa tana yi masa magani. Lafiyarsa ƙalau. Da layi ya zo kaina, aikina kawai in bar shi inda yake. Can gefe akwai wani akwati a gindin bishiya. Na kama linzamin kwamfutar, na ja ƙatona na kai shi wajen akwatin.

"Kai, Haliru!" Baffa ya daka mini tsawa. "Ka buɗe gada!"

"Wayyo, ban gani ba," na ce. Har da dafe kai.

Mugun abu game da wasan bi da bi shi ne ba a gaggawa. Kana zaune za ka ga abin yana tahowa. Ƙwarangwal na farko ya tako gadar ya sari tsohuwar. Na biyu ya zagayo ya sare ta. Balki ta sa hannuwanta biyu tsakanin gwiwoyinta ta matse. Na uku ya kai sara ya kuskure, har Balki ta ja numfashi, sai ya sake kaiwa. Tsohuwar ta yi wata 'yar ƙara, ta durƙushe, sandar ta faɗi, gurbin ya zama wayam. Ni kuwa daɗi na ji har cikin ƙashina.

Baffa ya ce ba komai, gem ɗin yana ajiye inda aka tsaya, zai mayar da mu baya kafin kuskuren.

"Ba a tada matacce gidan ga," in ji Inno. Ko kallon Balki ba ta yi ba. "Ɗiyata, kin san doka."

Balki ta tashi, ta ɗauki silifas ɗinta a hannu, ta je ta zauna a kan turmin da aka kife a ƙofar kicin, inda ba a hango fuskar kwamfutar. Ba ta yi kuka ba, abin da ya ɗan rage mini daɗin ke nan.

Inno ta sa hannu ta rufe kwamfutar. Ta juya masara, ta ce mu gyara kunne, wata tatsuniya ta iso ba ta yi sallama ba. Ta ba mu labarin wasu mutum huɗu da suka tashi neman rijiyar da aka ce zinariya ce a ƙasanta maimakon yashi. A cikinsu akwai mai wayo. Suka tarar da dodo a mashigin gulbi yana neman mutum ɗaya kafin a wuce, mai wayo ya ce wa na bayansa ya je ya duba zurfin ruwan. Suka tarar da wani a bakin daji, ya aiki na biyu ya samo itace. Na uku, wanda ke ɗauke da guzuri yana kuma cire masa ƙaya a ƙafa, shi ba dodon da ya nema. Mai wayo ya tura shi rami ne kawai don ya fi shi iya waƙa. Ya isa rijiya shi kaɗai, ya ɗaura igiya a karan dawa ya sauka. Karan ya tuge.

"Zinariya na nan, har gwiwa," in ji Inno, tana kallona ta cikin hayaƙi. "Yab buɗe baki shi kira abokan tahiya, sai yag ga ko sunan guda bai sani ba. Har yau shina ciki. Maigidana, ka ji ko in sake?"

Na ce na ji. Ta miƙo mini masara mai laushi, ta ce tatsuniya ta ƙare, kowa ya je ya yi alwala.

Da a tatsuniya ne, da a nan zan faɗa rijiya. Ba abin da ya same ni. Muka ci gaba da gem kowace yamma, Balki na kan turmi tana jin ihunmu, tana tsinkar zaren zanenta. Bayan mako guda maharbin Atiku ya mutu. Baffa ya yi tari, ya ce kwamfutar ta sanƙare, ya kashe ya kunna, sai ga maharbi da ransa. Inno ta duƙufa kan garwashi kamar ba ta wurin. Atiku ɗan gida ne, babban jika. Dokar da ba ta lanƙwasa ba ga 'yar Masama ta lanƙwashe masa kamar ɗanyen kara. Ƙatona ne ya kashe sarkin matattun a daren ƙarshe, na yi ta tsalle. Kwana biyu bayan haka mahaifiyar Balki ta samu sauƙi, aka zo aka ɗauke ta a babur.

Yanzu ni ne a Kalgo, a ajin ƙarshe, kuma gem ɗin yana cikin kwamfutata. In mutumina ya mutu sai in koma baya, sau goma in na so, ba mai hana ni. Inno ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina ba abokaina labarinta a matsayin tsohuwa mai hikima, wadda ta gyara jikanta da tatsuniya ɗaya ba tare da ta ɗaga bulala ba.

Bara na je Masama sunan ɗan Balki na fari. Da na shiga yi mata barka, sai na ɗauko zancen cikin raha, na ce ko ta tuna ranar da na yi kuskure na kashe mata tsohuwa. Tana jijjiga jaririn, ba ta yi dariya ba.

"Ba kuskure ba na, Haliru. Sau biyu kad dube ni kahin ka matsa."

Na rasa inda zan sa idona.

"Inno ma ta gani," ta ce. "Da sahe tak kira ni ɗaki, tac ce in yi haƙuri in zauna bisa turmin, kai taka son gyarawa. Nac ce to. Mi za ni cewa? Gidanku na." Ta gyara wa yaron hula, sannan ta ɗago. "To, ka gyaru?"

Mata suka shigo da guɗa, na samu hanya na fice. A kan babur har Gwandu ina juya abin. Ina son Inno har gobe, amma na daina kiran abin da ta yi hikima. Ta ga mugunta a gabanta, ta san mai ita, sai ta zaɓi ta yi mini tatsuniya ta kuma ba ni masara. Ni aka so a koya wa hankali, a jikin yarinyar da uwarta ke kwance asibiti aka yi dukan. Tambayar Balki kuwa har yau ban amsa ba, don duk lokacin da na tuna faɗuwar sandar nan, kafin kunya ta iso, daɗin nake fara ji.