Baba Direba da Baƙar Mota

Duk unguwar Baba Direba ake ce masa, alhali galibin masu kiran nasa ba su taɓa ganinsa riƙe da sitiyari ba. Rabonsa da tuƙi tun samarin da ke aske gemu yanzu suna rarrafe. Amma kullum da safe za ka gan shi ya nufi gidan nan mai jan ƙyaure, rigarsa a goge, tsumma a aljihu, yana tafiya irin ta wanda ake jira.

Da yaron mota ya fara, a bayan wata akwala mai ɗaukar siminti, ya sha zagi ya sha hayaƙi har hannunsa ya faɗa. Ranar da Maigida, mai wannan gida, zai ɗauke shi aikin tuƙi bai tambaye shi komai ba, sai ya ce ya zagaya da shi ta tsakiyar kasuwa. Da suka dawo ya ce masa, "Ko sau ɗaya ba ka danna ham ba. Gobe ka zo da wuri." Shi ke nan ya zama ɗan gida.

Motar kuwa Baƙa suke ce mata. Doguwa ce mai faɗin ƙirji, kujerunta na fata, gabanta an yi masa ado da katako mai sheƙi, ƙofarta in an rufe ba ta ƙara. Baba Direba ya riƙe ta da ladabin da ya koya: ba ta kwana sai tankinta cike, ba ya barin wajenta sai ya ja birkin hannu har ƙarshe, kuma rana ba ta fitowa ta same ta da ƙura. Marigayiya matarsa takan ce, "Ka fi sanin tarin motar nan a kan tarin 'ya'yanka." Yakan yi dariya, don bai da abin kare kansa.

Bayan rasuwar Maigida da 'yan kwanaki, ya shiga gareji ya tayar da ita don ta ɗan yi ɗumi. Yana ɗaga kai sai ga Uwargida a bakin ƙofa, ko takalmi babu, fuskarta a sake kamar mai tarbar baƙo. Ta tsaya ta dubi kujerar da ba kowa, sannan ta dafa bango ta fashe da kuka. Da yamma ta aiko masa cewa don Allah kada ya sake tayar da ita. Bai sake ba. Ya cika tanki, ya ja birkin hannu, ya ci gaba da wanke ta kowace safiya yana lulluɓa mata tamfol. 'Ya'yansa sun yi ta fama ya zauna gida ya huta, ya ce in ya zauna wa zai goge Baƙa?

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne idanunsa. Da farko lambar mota ce ta gagare shi karantawa, daga baya fuskoki suka koma dishi-dishi. Sai ya koyi gane mutane da murya da jan takalmi, yana riga su gaisuwa don kada a gane. Garejin kuma ko a duhu ya san inda bokiti yake.

Ana nan sai ƙafafun Uwargida suka gaza, rufin gidan ya fara yoyo. Auta, ƙaramar 'yarta wadda Baba Direba ya yi ta kaiwa makaranta tana kuka a bayan mota, ta ce lallai uwarta ta koma wurinta da zama a can ɗaya gefen gari. Tsohuwa ta ƙi ƙememe. Aka yi lallashi aka yi fushi, daga ƙarshe ta ce, "To, na ji. Amma motar da ta kawo ni gidan nan ita za ta fitar da ni, kuma Direba ne zai ja ni."

Da Auta ta gaya masa, sai da ya zauna a kan bokiti. Daɗi ya kama shi, tsoro kuma ya biyo baya. Ya san bai kamata ba, amma shekara nawa yana jiran wani ya sake ce masa "mu tafi"? Ya ce, "Ba komai, Auta. Batir kawai za a sa mata."

Auta ta kawo wani bakanike da ake ce wa Gajere, ko da yake duk layin kanikawa ba wanda ya kai shi tsawo. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai surutu kamar rediyo. Da aka yaye tamfol sai da ya yi salati, ya zagaya ta yana shafa fenti da bayan hannu. Sannan ya kwanta ya shige ƙarƙashinta da tocila, surutun ya ɗauke ɗif. Ya daɗe kafin ya fito.

"Baba, wa ke wanke ta?"

"Ni mana," in ji Baba Direba, yana gyara wuyan riga.

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

"A nan ciki? Ka rufe ƙofa, ka lulluɓe ta tana jiƙe?"

Gajere ya sosa ƙeya ya gaya masa gaskiya. Ruwan wankin nan na shekara da shekaru ya kwanta a ƙarƙashinta, tsatsa ta cinye salansa da bututun birki. Birkin hannun da ya ja ya manne da ƙafafun baya, ko mutum goma ba za su tura ta ba. Man da ya cika mata ya ruɓe ya zama kamar danƙo, ya toshe duk hanyar da yake bi. Injin kuma, da yake ba ya motsi, ya daskare.

Baba Direba ya dafa jikin motar. Duk abin da ya sani na kirki shi ya yi mata, ba ranar da ya yi fashi ko yana zazzaɓi. Ya ce a hankali, "Ke nan ni na kashe ta."

"Ba ta mutu ba, Baba. Amma wallahi da tsanarta ka yi, da ta fi haka lafiya." Da Gajere ya ga maganar ta yi nauyi, sai ya ƙara da cewa, "Kai motar da ke kan hanya ka iya riƙewa, ita kuwa wannan kwance take. Ba laifinka ba ne, ba wanda ya koya maka jinya."

Aka shiga aiki. Baba Direba ya matsu a sa batir a gwada, Gajere ya zare makullin ya jefa a aljihu. Ya ce motar da ta daɗe a kwance ba a tashinta da ƙarfi, in aka murza mata makulli yanzu za ta kakkarye daga ciki. Ya kwance fulogai, ya ɗiɗɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar ta ta sha. Kowace safiya yakan sa doguwar sifana a gaban injin ya danna da hannu, ita kuwa ko gezau, sai ya ƙara mai ya koma wani aikin. Suka sauke tanki, warinsa ya kori kajin maƙwabta. Suka sami gidan ɓeraye a bayan fitila, sun yi shimfiɗa da wani tsumman Baba da ya ɓace tun tuni, har ya zargi mai shara. Gajere ya yi ta yawo wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya dawo da abin da ya dace ko wanda ya kusa dacewa. Baba kuwa ya daina taɓa ruwa. Ya zama mai riƙe tocila, kuma bai ji kunyar hakan ba.

Wurin riƙe tocilar nan asirinsa ya tonu. Gajere ya ce, "Haska min nan, kan jar wayar." Hasken ya sauka a wani wuri daban. Ya sake faɗa, hasken ya ƙara kaucewa. Gajere ya ɗago ya dube shi sosai, sannan ya kama hannunsa ya kai inda yake so. Sai da suna wanke hannu ya fara, "Baba, ranar tafiyar nan, ko dai ni zan..."

"Ni Uwargida ta ce in ja ta," in ji Baba Direba. "Hanyar nan na bi ta tun kana goye."

"Hanyar ta canza."

"Ni ta ce."

Wata safiya Gajere ya danna sifana, sai abin ya saki, injin ya juya a hannunsa sannu a hankali. Suka yi ta murna kamar an yi musu haihuwa. Bayan an gama haɗa komai an sa sabon batir, Gajere ya ciro makullin ya ɗora masa a tafin hannu. Baƙa ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, ta cika garejin da hayaƙi, sannan ta kama. Uwargida ta fito dafe da sanda, ta saurara da kyau. Wannan karon ba ta yi kuka ba, cewa ta yi, "Ita ma muryarta ta dushe." Gajere ne ya fita da ita gwaji, Baba ya ce shi ƙafarsa na ciwo.

Ranar tafiya da hantsi, kaya sun riga sun wuce a wata motar. Baba Direba ya zo da farar rigarsa. Ya buɗe wa Uwargida ƙofar baya ta shiga, Auta ta zauna a gaba, Gajere ya wangale ƙyauren gida ya tsaya a gefe yana murza hularsa. Daga gareji zuwa ƙofar gida Baba ya kawo ta lafiya lau, ko ganyen fulawa bai taɓa ba, don wannan hanyar a hannunsa take, ba a idonsa ba.

A bakin ƙyaure ya taka birki. Gabansa haske ne fari fat, inuwoyi suna gilmawa a ciki. Babur ya wuce da gudu, bai gan shi ba sai ƙararsa. Ga muryoyin 'yan makaranta kusa, suna dariya suna ce wa juna a zo a ga tsohuwar mota, amma ya kasa sanin ko a gefe suke ko a gaban tayarsa. Ƙafarsa tana kan totur, dannawa kaɗan ta rage ya samu abin da ya daɗe yana jira.

"Baba, hanya ta buɗe," in ji Auta.

Ya cire giya, ya ja birkin hannu, ya bar injin yana aiki. Bai juya ba ya ce, "Ranki ya daɗe, ki yafe ni. Ba na gani. Na daɗe ba na gani."

Auta ta rufe baki da hannu. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya yafito inda yake zaton Gajere na tsaye, Gajere ya taho daga ɗaya gefen ya karɓi wurin. Baba ya ja da baya ya tsaya jikin bango, hannayensa a baya, yana jira su wuce ya rufe ƙyaure. Bai taɓa jin ya tsufa ba sai a wannan tsayuwar.

Gilashin baya ya sauka. "Direba," in ji Uwargida, "tsayuwar me kake yi? Na ce tare da kai zan bar gidan nan. Zagayo."

"Ranki ya daɗe, ai Auta na gaba."

"Wa ya ce maka gaba? Nan, kusa da ni."

"Wurin Maigida ne."

"Na fi ka sanin wurin wane ne. Shigo, ƙafata na ciwo."

Duk tsawon zamansa da motar nan ya goge kujerar baya, ya shafa mata mai, ya kaɗe ta, amma bai taɓa zama a kanta ba. Ya ɗosana a bakin-bakinta kamar baƙon da bai saba da gidan ba. Gajere ya saki birki, Baƙa ta sulale ta hau titi. Ƙafar Baba ta yi ta danna ƙasa tana neman birkin da babu. Can sai kujerar ta ja shi, bayansa ya jingina, ya ji ramukan hanya suna wucewa ƙarƙashinsa ba tare da sun iso jikinsa ba. Hayaniyar gari ta koma can nesa. Ya shafa fatar kujerar, hawaye suka zubo masa, bai goge ba.

"Ashe haka take a baya," ya ce.

Uwargida ta yi tsaki, ta gyara sandarta. "Ina fa haka take. Wannan ai jijjiga ni yake yi. A hannunka, Direba, da kofin shayi cike nake shiga motar nan, in sauka ko ɗigo bai taɓa zanena ba."