Baƙin Baba

Jikokina sun zaunar da ni na kalli wani fim, labarin wani uba mai taɓin hankali da ke rainon ƴaƴansa shi kaɗai. Sun yi dariya inda ake dariya, babbarsu ta share hawaye inda ake kuka. Ni dai ina ta ɓarar gyaɗata. Suka ce zuciyata dutse ce, ban yi musu ba.

A Dakoro na tashi, shekarun da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu a gaban biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gari. Inna ta rasu ba a daɗe da yaye autarmu ba, ta bar mu uku: ni, ƙanena, da autar. Baba bai sake aure ba, don gaskiya ba mai ba shi. Shi ke daka, shi ke tuƙa tuwo, shi ke yi mana wani irin kitso da ke sa mata a bakin rijiya su kau da kai suna ƙumshe dariya. Sana'arsa tufkar igiyar guga, Fulani da Buzaye ke saye.

A unguwarmu ba a cewa hauka. Sai dai a ce baƙinsa sun zo. In sun zo, barci ya ƙaurace masa, bakinsa ba ya hutawa, ya dafa abinci tuli ya jera akusa a tsakar gida don mutanen da shi kaɗai ke gani, ya sa mu durƙusa mu gaishe su. Ya taɓa ɗora wa jakinmu hula ya naɗa shi kumandan, muka wuni muna kai masa ƙara. Mukan ci mu ƙoshi a irin kwanakin. Daga baya abin ke juyewa, ya fara hawa katanga, ko ya nufi rijiya da gudu. Bai taɓa ɗaga mana hannu ba.

Wata rana da hankalinsa ke jikinsa, ya tufka igiya mai ƙwari ya kai wa maƙwabcinmu, wani mahauci. A gabanmu ya ce masa, "In ɗiyan ga sunka ce maka na yi baƙi, kada ka tsaya tambaya. Ka zo da mutane ka ɗaure ni."

Haka ake yi kuwa, har muka saba.

Kawunmu, yayan Inna, yana Birnin Lalle. Ya aiko cewa bayan an yanke gero zai zo ya ga zamanmu, in bai gamsu ba zai tafi da mu. Wannan ne kaɗai abin da na taɓa ganin Baba yana tsoro. A lokacin ya daɗe lafiyarsa lau. Ya share gida, ya cuɗe mu da sabulu har fatarmu ta yi zafi, ya ja mana kunne kan maganar jaki. Ranar da Kawu ya iso tare da wani abokin tafiyarsa, Baba ya yanka akuyarmu.

Tabarmi suka kasa, aka aiki auta gidan mahauci ta aro. Matarsa ta tambaye ta na mene ne. Yarinya ta faɗi gaskiyarta: "Baba ya yi baƙi. Har ya yanka akuya."

Muna cikin cin abinci, Baba na zuba wa Kawu ruwa, sai ga mahauci da maza uku sun shigo ba sallama. Aikin hannunsu ne, sun iya shi. Ɗaya ya kama ƙafa, biyu suka murɗe hannu, kafin Kawu ya haɗiye lomar bakinsa Baba na ƙasa, kumatunsa cikin turɓaya.

"Lahiyata lau! Wallahi lahiyata lau!" in ji Baba. Abin da yake faɗa kullum ke nan, don haka ba wanda ya saurara.

Kawu ya miƙe yana ihu, "Mi ya hwaru? Mi ya yi muku?"

Ni kuwa na ja akushinmu gefe kada a taka, na gyara wa auta zama, muka ci gaba. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba. Ban ji komai ba. Nama ne a gabanmu, kuma ba kullum ake samu ba. Ƙanena yana fama da wani ƙashi.

Da mahauci ya ɗaga kai ya ga baƙi biyu masu jini da tsoka, sai ya gane kuskurensa. Ya kwance igiyar, yana ta roƙon gafara. Abokin Kawu ya yi dariya har ya sarƙe. Baba ma ya tashi yana kakkaɓe riga yana dariya, wai ai igiyar tufkarsa ce, ya shaida ba ta da algus. Kowa ya dara ban da Kawu. Mu yake kallo.

Bayan mutanen sun fita, Kawu ya ce, "Malam, na yarda lahiyarka lau. Ba igiyar ta dame ni ba. Ɗiyanka nika dubi. An kada ubansu ƙasa, ko guda bai aje loma ba."

Baba ya juyo ya dube mu. Hannuna na cikin akushi. Na san ya kamata in cire shi, amma na rasa dalilin, sai na bar shi a nan. Ya daɗe yana kallonmu, ƙasa na manne a gemunsa. Na ɗauka zai yi gardama, don ya iya magana.

"Da sahe za ku kama hanya?" ya tambayi Kawu.

Kawu ya ce i.

Baba ya ɗauki nasa akushin, ya tsince naman da ke ciki, ya zuba a namu. Muka cinye.